Ɗalibi ya san kalmomin jimlar Turanci amma ma'anar ta kuɓuce masa: ina matsalar take?

Malamar Sakandare:

Assalamu alaikum malamai. Tambayata ga waɗanda suka karanci kimiyyar harshe ko suke koyar da karatu. Akwai ɗaliban babbar sakandare da in an ba su labari da Hausa za su karance shi tas, su kuma faɗi abin da ya ƙunsa. In aka miƙa musu sakin layi na Turanci irin wanda ke fitowa a jarrabawar WAEC, sai saurin ya ragu, su riƙa komawa farkon layi. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, in an tambaye su kalmomin ɗaya bayan ɗaya sun san mafi yawansu, amma su kasa cewa wa ya yi wa wa me. Ido ne bai saba ba, ko ƙwaƙwalwa ce ke bin wata hanya dabam in harshen ba na uwa ba ne? Sannan darussan karatu da sauri da ake tallatawa, masu cewa a daina komawa baya, a daina furta kalma a zuci, suna da amfani ga irin waɗannan yara?

Mai Nazarin Harshe:

Wa alaikumus salam, Malama. Mu fara da ido don a wanke shi daga zargi. Ido ba ya tafiya sumul a kan layi yadda muke ji. Tun wajen 1879, a ɗakin binciken likitan ido Émile Javal a Paris, aka gano cewa tsalle-tsalle yake yi. Ga babban mutum mai karanta Turanci a matsayin harshen uwa, kowace tsayuwa tana ɗaukar milisakan 200 zuwa 250, kusan rubu'in sakan ke nan, tsalle ɗaya kuma haruffa 7 zuwa 9 ne. A lokacin tsallen ba a ɗaukar komai, duk karatun a tsaye ake yinsa. Kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na tsallen kuwa baya yake komawa, ko a wurin gwanaye.

A 1975 George McConkie da Keith Rayner suka haɗa na'urar bin ido da allon kwamfuta, ana ɓoye rubutu sai ɗan abin da ke kusa da inda ido ya tsaya. Suka ga mai karatu yana amfana da haruffa 3 zuwa 4 a hagu, 14 zuwa 15 a dama. Da aka gwada masu karanta Ibrananci, daga baya kuma masu Larabci, sai faɗin ya koma hagu, kuma mutum ɗaya yana juya shi gwargwadon harshen da ke gabansa. Ke nan ba ginin ido ba ne, hankali ne ke leƙen gaba, ido yana bin sa.

Yanzu harshe na biyu. A Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam, Uschi Cop da abokan aikinta sun sa ɗalibai masu harshen Holanci da suka iya Turanci sosai karanta littafin labari guda cikakke, rabi da harshensu rabi da Turanci, na'ura tana bin idonsu. A sakamakon da suka fitar a 2015, lokacin karanta jimla ya ƙaru da kashi 20 cikin 100 a Turanci, yawan tsayuwa ya ƙaru da kashi 21, tsawon tsalle ya ragu da kashi 12, tsallake kalmomi ma ya ragu. Waɗannan fa ɗaliban jami'a ne, kuma Holanci ɗan'uwan Turanci ne na kusa. Don haka raguwar saurin da kike gani ba lalaci ba ne, ba kuma cuta ba.

Tushen abin a wurina shi ne sanin kalma hawa-hawa ne. Akwai kalmar da yaro zai ba ki ma'anarta in kin ba shi sakan biyu ya yi tunani, akwai wadda ma'anarta ke faɗo masa tun ido bai gama sauka a kanta ba. Karatu na biyun yake buƙata. Kowa yana daɗewa a kan kalmar da ba a cika gani ba fiye da ta yau da kullum, amma an sha nuna cewa wannan tazara ta fi faɗi a harshe na biyu, kuma tana raguwa gwargwadon yawan kalmomin da mutum ya tara. Abin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne. In kowace kalma ta ci lokaci, kafin yaro ya kai aikatau (kalmar aiki) a ƙarshen doguwar jimla, aikau ɗin (mai yin aikin) da ya gani a farko ya riga ya zube. Shi ya sa yake komawa farkon layi.

Ƙari a kan haka, harshen uwa ba ya barci. Bincike a kan masu harshe biyu, musamman na Ton Dijkstra da Walter van Heuven, ya nuna rubutacciyar kalma tana tada duk kalmomin da suka yi kama da ita a harsunan biyu. Bahaushe kuwa yana da irin waɗannan da yawa: dare, wake, face, share, rage, game, sake, sun, kin, duk a rubuce kalmomin Turanci ne masu wata ma'ana da wani furuci. Ana sa ran su jawo ɗan jinkiri, yadda kalmomin aro masu ma'ana ɗaya a harsunan biyu ke kawo sauƙi.

Sai yawan baƙin kalmomi a shafi. Hu da Nation a 2000 sun nuna mai karatu yana buƙatar sanin kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, wato baƙuwa ɗaya cikin 50. Paul Nation ya ƙiyasta a 2006 cewa kaiwa nan a jarida ko littafin labari na Turanci yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da 'ya'yansu. Sanin kashi 90 yana kama da abin yabo, amma baƙuwa ɗaya ce cikin kowace goma, kusan ɗaya a kowane layi.

Darussan sauri kuwa, ki kiyaye yaran daga gare su. A 2014 Elizabeth Schotter da Rayner da abokin aikinsu sun hana masu karatu komawa baya ta hanyar rufe kowace kalma da zarar ido ya wuce ta, fahimta ta ragu. Komawa baya gyara ne. Muryar zuci ma tana taimakawa wajen riƙe jerin kalmomi har jimla ta cika.

Malam Mai Nahawu:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin ya ɗora wa kalma kaya fiye da nata. Malama ta ce yaran sun kasa gane wa ya yi wa wa me. Wannan aikin ginin jimla ne, kuma yana da nasa ramukan.

Mai karatu ba ya jira ya kai aya kafin ya fassara. Kowace kalma ta shigo, nan take yake ba ta matsayi, yana kuma hasashen mai zuwa. Ku duba jimlar da Kiel Christianson da Fernanda Ferreira da abokan aikinsu suka yi gwaji da ita a 2001: "While the man hunted the deer ran into the woods." Ido na isa kan barewar sai a ɗauke ta karɓau, wato ita ake farauta. Da an ci karo da aikatau na biyu sai ginin ya rushe, don barewar aikau ce, ita ta ruga daji. A nan ido ke daɗewa, a nan yake komawa baya. Abin lura shi ne, masu Turancin gado da yawa, ko bayan sun gane barewa ce ta gudu, in aka tambaye su ko mutumin ya farauci barewar sai su ce e, alhali jimlar ba ta faɗi haka ba. Fassarar farko ba ta goguwa gaba ɗaya. Binciken Claudia Felser da abokan aikinta ya nuna masu harshe na biyu ma suna faɗawa wannan rami, suna kuma ankara da matsalar, amma fitowa ta fi yi musu wuya, musamman in fassarar farkon ta dace da hankali.

Ga Bahaushe akwai wurare uku da nake so Malama ta sa wa ido, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi girma shi ne jimlar da karɓau ke zuwa a farko. Bill VanPatten ya bayyana cewa mai koyon harshe yakan ɗauki sunan farko a jimla a matsayin mai aikatawa. Hausa tana ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin mu in ba ma son ambaton mai aiki "an" muke sawa: an kama ɓarawo. Ba mu da ginin da zai kawo wanda aka yi wa aiki a farko sannan ya jingino mai aikin a ƙarshe da wata 'yar kalma. To in yaro ya ga "The trader was cheated by the driver", duka biyun mutane ne, kowa na iya cutar kowa, sai ya tafi da cewa ɗan kasuwa ne ya yi cutar. Alamomin da za su cece shi su ne "was" da "by", kuma irin waɗannan gajerun kalmomi su ido ya fi tsallakewa. In jimlar ta ce kare ya ciji mutum ko mota ta buge akuya, yaro zai ci tambayar da sanin duniya kawai, malami ya zaci ya iya. Sai an ba shi jimlar da za a iya juyawa ake ganin gaskiya.

Na biyu, tarin sunaye. Turanci yana ajiye jigon a ƙarshe: "school fees review committee report". Hausa da jigon take farawa: rahoton kwamitin duba kuɗin makaranta. Yaron da ya kama kalmar farko a matsayin abin da ake magana a kai zai zaci zancen makaranta ake, alhali rahoto ne aikau. Maganin wannan mai sauƙi ne, a koya masa neman sunan ƙarshe kafin aikatau, ya warware tarin daga dama zuwa hagu.

Na uku, Turanci yana iya yar da mahaɗin da mu ba ma yarwa. Muna cewa littafin da yaron ya saya, "da" ɗin nan dole ne. Su sukan jera suna biyu kai tsaye ba komai a tsakani, sai yaro ya rasa inda ganga, wato yankin jimlar da ke bayyana sunan, ta fara.

Harshen uwa har zaɓin fassara yake koya wa mutum. Fernando Cuetos da Don Mitchell a 1988 sun gwada jimla mai kama da wannan: wani ya harbi hadimin 'yar wasan da ke kan baranda. Wa ke kan baranda? Masu Sifaniyanci sun fi cewa hadimin, masu Turanci sun fi karkata ga 'yar wasan. Daga baya Paola Dussias da Nuria Sagarra suka nuna a 2007 cewa masu Sifaniyanci da suka daɗe cikin masu Turanci sun koma zaɓin Turawa har a harshensu na gado. Mu a Hausa da mun ce "da yake" ko "da take" an kashe gardamar, jinsi ya raba.

Badamagare:

Gaisuwa ga malamai. A Nijar Faransanci ne ya daɗe a matsayin da Turanci yake a wajenku, kuma akwai wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato yadda rubutu ke wakiltar sauti.

Boko na Hausa kusan harafi ɗaya sauti ɗaya ne. Yaron da ya koyi haɗa baƙi da wasali zai iya furta kalmar da bai taɓa gani ba. Philip Seymour da abokan aikinsa sun kwatanta yaran Turai a 2003: a ƙarshen shekarar farko ta makaranta, yara masu harsuna irin Finlanci, Girkanci, Jamusanci, Italiyanci da Sifaniyanci suna karanta sama da kashi 90 cikin 100 na saukakan kalmomi daidai, masu Faransanci kusan kashi 79, masu Turanci kashi 34 kacal. 'Ya'yan masu harshen ke nan. Don haka yaron da ya taho da dabarar Hausa ta bin harafi-harafi zai yi ta tuntuɓe, sai ya haddace siffar kalmomi da yawa.

A Faransanci masifar tana ƙarshen kalma. "Il parle" da "ils parlent" furucinsu ɗaya, tilo da jam'i a ido kawai suka bambanta. Cheryl Frenck-Mestre da abokan aikinta sun auna wutar ƙwaƙwalwa a 2008, suka ga kuskuren nahawu da kunne zai iya ji yana tada martani mafi ƙarfi fiye da wanda ke a rubuce kawai, ko da a zuci ake karatun. Wannan ma hujja ce cewa sauti yana aiki a karatun shiru.

Mu kuma duba namu, don Hausa harshe na biyu ce ga miliyoyin mutane. Rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Malam ya ce Audu ya tafi" jimla biyu ce a baki, ɗaya a takarda. In "tun jiya" ta biyo baya, labari ne. In "kafin dare ya yi" ta biyo, umurni ne. "Gari ya" sai an ga "waye" ko "ƙare" kafin a san wane gari. Ɗan gado yana cike giɓin daga abin da ya gabata, bai ma san ya yi ba. Mai koyo kuwa dole ya tsaya. In aka ƙara da yar da ƙugiya a saƙon waya, baƙi da baki su zama ɗaya, ƙasa da kasa su zama ɗaya, an ninka masa aikin. Amma kada a yi saurin cewa a sa wa kowane wasali alama: Steven Bird ya gwada haka a harshen Dschang na Kamaru, ya ruwaito a 1999 cewa cika rubutu da alamun karin sauti ya rage saurin karatu, bai kuma rage kuskure ba.

Mai Nazarin Harshe:

Malam Mai Nahawu, saɓanin da ke tsakaninmu shi ne ainihin saɓanin masana. Harald Clahsen da Claudia Felser sun kawo ra'ayi a 2006 cewa wanda ya koyi harshe da girma yakan dogara da ma'anar kalmomi da sanin duniya fiye da zurfin ginin nahawu yayin karatu. Akwai abin da ke goyon bayansu: Nan Jiang a 2004 ya ga Sinawa masu Turanci mai kyau ba sa rage sauri a inda ɗafa-ƙeyar jam'i, wato alamar jam'i a ƙarshen kalma, ta saɓa, inda masu harshen ke tuntuɓe, alhali a jarrabawar takarda sun san ƙa'idar. Holger Hopp kuwa ya nuna waɗanda suka ƙware ƙwarai, kuma suke gane kalma da sauri, suna yin yadda 'yan gado ke yi, su ma 'yan gadon in aka matsa musu da sauri sai su fara kurakurai irin na masu koyo. Ni nan na fi karkata, domin yana nufin ƙofar ba a rufe take ba. Ƙwaƙwalwa ma tana saurin kamawa: Judith McLaughlin da Lee Osterhout sun ruwaito a 2004 cewa bayan kimanin awa 14 na darasin Faransanci, ƙwaƙwalwar ɗalibai ta fara bambanta kalmar gaske da ta ƙarya tun su da kansu ba su iya faɗa ba. Na yarda dai wurare ukun da ka lissafa sai an koyar da su kai tsaye.

Malamar Sakandare:

Allah ya saka da alheri, malamai. To a aji mai ɗalibai da yawa, ba na'ura, ta yaya zan gane wane yaro kalma ce matsalarsa, wane kuma ginin jimla?

Malam Mai Nahawu:

Takarda da agogon waya sun isa, Malama. Ɗauki rubutu mai kalma 300. Kowa ya karanta a zuci, ki riƙa rubuta lokaci a allo duk bayan sakan 10, wanda ya gama ya kwafi lambar da ya gani. A ninka 300 da 60, a raba da yawan sakan, an sami kalma nawa a minti. Don kwatance, Marc Brysbaert ya tattara bincike masu yawa a 2019, ya sami matsakaicin kalma 238 a minti ga manya masu Turancin gado a rubutun da ba labari ba. Kada ki kwatanta lambar da ta Hausa kai tsaye, Hausa cike take da gajerun kalmomi irin ya, ta, na, da, suna kumbura lissafi. A biyo da tambayoyi biyar ba tare da duba rubutun ba, don sauri ba fahimta ba shi da amfani.

Sannan su ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ba su sani ba. A kalma 300, shida ko ƙasa da haka daidai ne. In sun wuce 15, rubutun ya fi ƙarfin yaron, kuma duk abin da kika auna bayan haka ƙarancin kalmomi kike aunawa. Yara sukan ɓoye jahilcinsu a nan, don haka zaɓi biyar daga waɗanda ba su ja wa layi ba ki tambaya.

Gwajin gini kuma sai da kalmomi masu sauƙi ƙwarai. Rubuta jimla 10 da za a iya juyawa, biyar mai aiki a farko, biyar wanda aka yi wa aiki a farko, ki cakuɗa su, tambaya ɗaya tak a kan kowace: wa ya yi? Wanda ya ci biyar na farko ya faɗi na biyun, sunan farko yake bi. Shi za a sa ya riƙa zagaye aikatau da 'yan kalmomin da ke kewaye da shi, ya raba jimla yanki-yanki da fensir kafin ya amsa.

Wanda kuwa ya ci gwajin gini amma yana tafiyar hawainiya, karatu mai yawa mai sauƙi yake buƙata, minti 15 zuwa 20 kullum, a littafin da baƙin kalmominsa ba su wuce biyu cikin 100 ba, ba tare da ƙamus a hannu ba. Ana Pellicer-Sánchez ta bi idon masu karatu a 2016, ta ga sabuwar kalma tana fara sauƙi bayan haɗuwa uku zuwa huɗu, a wajen ta takwas kuma ana karanta ta kamar sananniya. Saboda haka littattafai da yawa a kan fanni ɗaya sun fi tsalle daga wannan fanni zuwa wancan, don kalmomin su riƙa dawowa. Ki gwada kowa da Hausa ma. Yaron da ke tangarɗa a harsunan biyu matsalarsa ta haɗa baƙi ce tun daga tushe, kuma da Hausa ya kamata a fara gyara ta.